Gobarau, Samaru ko Abuja: ina ya fi dacewa a kai ɗaliban sakandare idan tafiya ɗaya kawai za a iya biya?

Kusan kowace shekara, makarantun sakandare da dama a Katsina da Daura kan aika wa iyaye takarda cewa za a kai ɗalibai ziyarar ƙaro ilimi, kuma ana son kowa ya kawo kuɗin mota da na abinci kafin ranar kaza. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin hayar bas ya yi tashin da makaranta mai matsakaicin ƙarfi ba ta iya shirya tafiya fiye da ɗaya a shekara, iyaye da yawa kuma ba sa iya biya wa yaro fiye da tafiya ɗaya a duk zamansa na sakandare. Wannan ya sa zaɓen wurin zuwa ya zama magana mai nauyi a taron iyaye da malamai, domin abin da matashi ɗan shekara goma sha huɗu zuwa sha bakwai ya gani da idonsa yakan bi shi har ranar da zai zauna gaban kwamfuta yana cike fom ɗin JAMB.

Wuraren da aka fi kawowa a irin wannan taro su ne zagayen gida, wato wuraren tarihi da manyan makarantun da ke cikin jihar, sai ziyarar tsofaffin jami'o'i a Zariya ko Kano, sai kuma tafiya mai nisa zuwa Abuja ko ƙetare. Ma'aunin da na ɗora su a kai shi ne abin da tafiyar take sauyawa a tunanin yaro game da kansa da karatunsa na gaba, sannan abin da take ci na kuɗi da haɗarin hanya. Daɗin da yara za su ji a mota da hotunan da za su ɗauka ban sa su cikin lissafi ba, domin kowace tafiya tana ba da wannan.

Zagayen gida shi ne mafi arha, kuma shi aka fi rainawa, alhali Katsina tana da abin nunawa da garuruwa kaɗan ne suke da irinsa. Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsayin kimanin mita 15 da ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, shaida ce ta lokacin da ɗalibai suke yo takakkiya daga nesa domin karatu a wannan birni, birnin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. Daga nan ne kuma aka sami Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da ilimin taurari, wanda ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira yana rubutu da koyarwa har ya rasu a can a 1741. Yaron da ya taso yana jin cewa lissafi kayan Turawa ne, idan malami ya tsayar da shi a gindin hasumiyar ya ba shi wannan labari, akwai abin da yake gyaruwa a zuciyarsa wanda darasin aji ba ya gyarawa.

Wurin da ya fi kusa da batun burin karatu shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu take gidan adana kayan tarihi. An buɗe ta a hukumance a 1922, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Ahmadu Bello ya yi karatu a cikinta daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, daga 1928 zuwa 1933, haka nan Kashim Ibrahim da Isa Kaita duk ta nan suka bi. Abin da ke kama ɗalibai idan sun shiga shi ne ƙanƙantar wurin: azuzuwan ƙasa ne masu kaurin bango da ƙananan tagogi, waɗanda ajin makarantarsu na siminti ya fi su haske da faɗi. Sukan tsaya suna duban rufin, wani ya shafa bangon da tafin hannu, sai ka ji ya tambayi malami ko da gaske a wannan ɗaki Firayim Minista ya zauna. Malamin da ya san aikinsa a nan yake nuna musu cewa waɗancan ɗalibai ma matafiya ne, an ɗebo su daga Sakkwato da Bauchi da Borno da Bida suna samari, suka bar gida domin karatu a lokacin da babu kwalta.

A Daura akwai rijiyar Kusugu da fadar Sarki, inda ake ba da labarin Bayajidda da Daurama, kuma yara kan ja guga su sha ruwan. A ƙaramar hukumar Mani akwai Durɓi ta Kusheyi, inda masu binciken tarihi suka haƙo kayan tagulla da zinariya da hauren giwa daga kaburburan shugabannin farko. Wannan wuri na biyu ya fi amfani ga mai neman buɗe wa yaro ido kan sana'a, domin a nan zai ji cewa haƙar ƙasa don gano tarihi fanni ne da ake karantawa har digiri na uku.

Raunin zagayen tarihi a bayyane yake. Yana ba yaro alfahari da asalinsa, amma ba ya gaya masa darussan da zai ɗauka a aji huɗu ko makin da ake nema kafin a shiga tsangayar likitanci. Yaran cikin birni kuma sun saba wucewa ta gaban waɗannan wurare a kan babur, don haka idan ba a shirya musu tambayoyin da za su amsa a rubuce ba, tafiyar takan koma cin shinkafa a inuwa. Hanyar rufe wannan giɓi ita ce a raba yinin biyu: safe a wurin tarihi, bayan azahar a babbar makaranta. Jihar tana da su a kusa. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, da Jami'ar Al-Qalam ta 2005, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta 2011, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Asibitin Koyarwa na Tarayya. A Daura akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a watan Disambar 2019, a garin da layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa. Ga manyan fankokin samar da lantarki daga iska a Lambar Rimi, waɗanda yaro mai sha'awar aikin injiniya zai daɗe yana magana a kansu. Irin wannan zagaye ana yinsa a yini ɗaya, a dawo gida kafin magariba, ba kuɗin masauki.

Duk da haka, a ganina, idan maganar faɗaɗa buri ake yi, ziyarar Zariya ta sha gaban sauran. Dalilin farko shi ne yawan fannonin da ke tattare a gari ɗaya. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a watan Oktoban 1962, tana da babban mazauninta a Samaru, da mazaunin Kongo inda ake karatun shari'a da harkokin mulki, da asibitin koyarwa a Shika. Babban ɗakin karatunta sunan Kashim Ibrahim yake ɗauke da shi, don haka ɗalibin da ya riga ya ga azuzuwan ƙasa na Kwalejin Katsina zai haɗa zaren da kansa. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, inda ake fitar da irin gyaɗa da wake da masara da dawa da auduga masu sunayen da suke farawa da SAM, irin su SAMNUT da SAMPEA, waɗanda manoman Funtuwa da Malumfashi da Mai'aduwa suke shukawa. Ɗan manomin da yake ganin noma wahala ce da ake gudu, idan ya shiga gonar gwaji ya ga layukan wake kowanne da lambarsa a jikin ƙaramin allo, ya ga mai digiri na uku durƙushe yana ƙirga furanni yana rubutawa, zai koma gida yana kallon buhun irin mahaifinsa da wani ido dabam. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi, a jami'ar kuma akwai cibiyar makamashi mai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004. A cikin garin akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, wadda ban da matuƙa take horar da injiniyoyin gyaran jirgi da masu ba jirage umarnin sauka da tashi.

Muhimmancin wannan yana fitowa ne idan aka tambayi ɗaliban aji uku abin da suke so su zama. Amsar ba ta cika wuce likita, lauya, injiniya, soja ko ɗan kasuwa ba, domin waɗannan su ne ayyukan da suka gani a unguwa. Sakamakon haka dubban yara suke cunkushewa a ƙofar likitanci, inda gurabe kaɗan ne, wanda bai samu ba kuma ya ɗauka karatu ya ƙi shi. Yini ɗaya a Samaru yana nuna musu haɗa magunguna, da likitancin dabbobi, da tsara birane, da ƙiyasin kuɗin gini, da kimiyyar ƙasa da ma'adinai, da zane-zane, da fasahar saƙa, kowanne da gininsa da malamansa da ɗalibansa. Yaron da ya san ƙofa goma ba ya yanke ƙauna idan ɗaya ta rufe.

Dalili na biyu ya fi na farko ƙarfi, kuma shi ne makarantu suka fi sakaci da shi: haɗuwa da ɗalibin jami'a wanda ya fito daga irin gidan da yaron ya fito. A manyan jami'o'in Arewa akwai ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin jihar Katsina, kuma idan an tuntuɓe su da wuri sukan yi murnar karɓar ƙannensu. Sa'a guda a zaune da su a ƙarƙashin bishiya ta fi jawabin babban jami'i a ɗakin taro. A irin wannan zama ne yarinya 'yar aji huɗu take samun ƙarfin halin tambayar wata 'yar garinsu da ke karatun haɗa magunguna: "Yaya, maki nawa kika ci kafin a ɗauke ki? Kuma Baba ya yarda ki kwana a makaranta?" Ita kuma ta amsa mata da cewa, "Ƙanwata, sai a zama na biyu na samu. Ki riƙe kimiyyar sinadarai tun yanzu, ita ce take kayar da mutane. Maganar kwana kuwa, sai da Kawu ya zo ya ga ɗakunan da idonsa kafin a bar ni." Babu malamin da zai iya faɗa wa yarinyar wannan ta karɓa kamar yadda ta karɓa daga bakin wadda ta girme ta da shekara biyar kawai.

A nan ne kuma yara suke jin ƙa'idojin da ba a cika bayyana musu a aji ba. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, Ingilishi dole, jimlar maki 400, kuma kowane kwas yana da haɗin darussansa: likitanci yana son kimiyyar halittu da ta sinadarai da fiziks, aikin injiniya yana son lissafi da fiziks da sinadarai, shari'a kuma tana son adabin Ingilishi. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Ingilishi, da kuma lissafi a mafi yawan fannoni. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma Katsina tana cikin rukuni na biyu da na uku a Zariya da Kano. Wanda makinsa bai kai ba yana da hanyar makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, a cikin jiharmu. Ana iya karanta duk wannan a takarda, amma ya fi zama a kai idan an ji shi a wurin da ake aiki da shi.

Saboda waɗannan ƙa'idoji ne lokacin tafiyar ya kusan fin wurin muhimmanci. Makarantu da yawa suna ajiye ziyarar jami'a sai aji shida, a matsayin tukuicin kammala karatu, alhali a lokacin an riga an yi rajistar darussan jarrabawa. Yaron da ya ga ɗakin gwaje-gwaje ya ƙyasa, amma shekara uku ke nan yana ajin adabi ko na kasuwanci, babu abin da zai kwaso sai takaici. Lokacin da ya dace shi ne bayan jarrabawar aji uku, kafin a raba yara zuwa kimiyya da adabi da kasuwanci, ko kuma zangon farko na aji huɗu, lokacin da sauya aji bai gagara ba tukuna.

Tafiyar Zariya tana da nata nauyin. Daga Katsina ko Daura da wuya a je a dawo a yini ɗaya a kuma ga abin kirki, don haka sai an kwana, kwana kuwa yana ƙara kuɗi da damuwar iyaye. Dole a rubuta wa jami'ar takarda makonni kafin ranar, a kuma nemi izini daban ga kowace cibiya, domin wurare kamar cibiyar makamashi da filin jirgi ba a shiga haka kawai. Dole a tabbatar ana cikin zangon karatu. Wanda ya kai yara lokacin hutu ko yajin aiki, irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas, gine-gine kawai zai nuna musu. Akwai kuma yaran da girman wurin da Turancin da ake yi yake firgita su, su dawo suna ganin jami'a ta fi ƙarfinsu, kuma maganin wannan shi ne dai zaman da 'yan garinsu da aka ambata.

Kano ita ce tsaka-tsaki, musamman ga makarantun Daura, waɗanda ta hanyar Kazaure za su iya sammako su dawo a ranar. Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, tana da ƙarfi a fannin Larabci da shari'a da aikin jarida da nazarin harshen Hausa, tana da cibiyar binciken noman ƙasa mai ƙarancin ruwa wadda aikinta ya dace da yanayin arewacin Katsina, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga Gidan Makama ga mai son tarihi. Ba ta kai Zariya tarin cibiyoyin bincike ba, amma ta fi sauƙin kuɗi, kuma iyayen 'yan mata sun fi sakin jiki da tafiyar da ba kwana. Abin da ake kiyayewa a Kano shi ne kasuwa: idan aka ce a tsaya Kantin Kwari na minti talatin, rabin yinin ya tafi.

Maganar 'yan mata tana bukatar a tsaya a kanta, domin a gidaje da yawa abin da ke hana yarinya zuwa jami'ar wani gari shakkar iyaye ce game da inda za ta kwana da waɗanda za ta yi hulɗa da su, ko da makinta ya kai. Makarantar da ta gane wannan takan ware kujera biyu ko uku a bas domin iyaye mata daga cikin ƙungiyar iyaye da malamai, ban da malamai mata da za su raka. Uwar da ta shiga ɗakunan kwanan mata, ta ga mai gadi a ƙofa da masallaci da ɗalibai cikin hijabi suna shiga lakca, idan ta dawo za ta ba da labari a gidan suna da gidan biki, kuma wannan labari yakan buɗe wa yaran da ba su ma je tafiyar ba hanya.

Abuja ita ce yara suka fi so, kuma ita ce na fi shakka a kanta. Akwai abin gani: Majalisar Tarayya mai sanatoci 109 da wakilai 360, inda ɗalibai kan zauna a saman zaure su kalli muhawara idan an nemi izini kuma ana zama a ranar, da Babban Masallacin Ƙasa, da hukumar binciken sararin samaniya da aka kafa a 1999. Ga ɗaliban da suke karanta darasin gwamnati ko suke ƙungiyar muhawara, ganin majalisa tana aiki darasi ne na gaske. Amma daga Katsina tafiyar tana cin kwana biyu a ƙalla, mafi yawansu a cikin mota, kuma masauki da abinci a Abuja sun fi na ko'ina tsada. Babban abin da ke damuna shi ne irin burin da take dasawa. Yaro yana ganin manyan motoci da dogayen gine-gine da masu muƙami, wato ƙarshen hanya, ba tare da ya ga ajin da aka zauna ko jarrabawar da aka ci kafin a kai can ba. Yakan dawo yana son ya zama babban mutum, amma bai ƙaru da sanin abin da zai karanta ba. Amfanin cuɗanya da 'yan wasu sassan Nijeriya, wanda ake yawan kafa hujja da shi, ana samunsa a Samaru ma, inda ɗan Ibadan da ɗan Inugu suke aji ɗaya da ɗan Kankiya.

Akwai wata ƙetaren da ba a cika tunawa da ita ba, wato Maraɗi, wadda daga Katsina ta fi Kano kusa. Sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi, har yau mai sarautar garin Sarkin Katsina ake ce masa, kuma akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a can. Ɗalibi zai ga yara masu harshensa da abincinsa suna koyon lissafi da Faransanci, ya gane cewa Ingilishin da yake ba shi tsoro harshen karatu ne kawai da tarihi ya kawo. Sai dai tun juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 al'amarin iyaka ya zama mai sauyawa, kuma makaranta ba za ta tara kuɗin iyaye a kan tafiyar da za a iya dakatar da ita a Jibiya ba.

Tafiya ƙasashen nesa, irin wadda wasu makarantu masu zaman kansu suke shiryawa zuwa Masar ko Ingila ko Dubai a lokacin hutu, ba a musun cewa tana buɗe ido. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji ya kuma ziyarci Ingila a 1921, kuma a zamaninsa Katsina ta shiga sahun farko wajen karatun 'yan mata a Arewa. Tafawa Ɓalewa ma ya je karatu Landan a 1945. Amma waɗannan manya ne da suka tafi da tambayoyi a ransu da matsayin da za su yi aiki da abin da suka gani. Ɗan shekara goma sha biyar da aka kai mako biyu yakan dawo da tsaraba da raina makarantarsa, kuma yadda darajar naira ta faɗi tun 2023, kuɗin wannan mako biyu zai biya rajistar shekaru da dama a jami'ar tarayya. Wanda tafiyar take yi wa amfani shi ne yaron da iyayensa suka riga suka yanke shawara, kuma suke da halin, kai shi Al-Azhar ko wata jami'a a can, domin ya ga wurin ya kuma gane yawan Larabcin da ke gabansa. Ko a nan ma, kwaso ɗaliban Nijeriya da aka yi daga Sudan lokacin da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya isa ya sa uba ya tanadi zaɓi na biyu a gida. Ga ɗan talaka kuwa, hanyar ƙetare ta fi bi ta sakamakon jarrabawa, kamar tallafin da gwamnatin jihar ta ba wasu ɗalibai zuwa karatun likita a Masar, ko ta musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take shiryawa tun 1986, wadda zakarunta kan wakilci Nijeriya a waje.

Tsaro yana iya rushe duk wannan lissafi. Tun sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020, babu uban da zai sa hannu a takardar tafiya bai tambayi hanyar da za a bi ba, kuma yana da gaskiya. Zuwa Zariya ana iya bi ta Malumfashi da Funtuwa, ana kuma iya zagayawa ta Kano. Wadda za a bi sai an tambayi jami'an tsaro da direbobin tasha a makon tafiyar, ko da zagayen zai ƙara kuɗin mai. A tashi bayan gari ya waye, a isa kafin la'asar, kada a sanar da rana da hanya a Facebook ko a zauren WhatsApp mai jama'a da yawa, a sanar da ofishin ilimi na shiyya a rubuce, a kwana a cikin harabar makaranta mai gadi, kuma a duba tayoyin motar da yawan kujerunta kafin a biya kuɗin haya. Makarantar da ba ta iya cika waɗannan ba, zagayen gida ya fi mata.

Idan aka haɗa su, makarantar da take da halin tafiya mai nisa ɗaya a shekara ta ba 'yan aji biyu zagayen tarihi na Katsina da Daura, domin a shekarun nan labari ya fi kama yaro, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Tafiyar da ta fi tsada a ajiye ta ga masu fita aji uku ko sababbin 'yan aji huɗu, a kai su Zariya idan hanya da aljihu sun yarda, in ba haka ba Kano, in ita ma ta gagara a kai su jami'o'in cikin jiha tare da zaman tambaya da amsa da ɗaliban can. Uban da zai iya biyan tafiya ɗaya tak a shekara shida, wannan ce ya kamata ya biya. Abuja a bar ta ga ƙaramin rukuni masu dalili na musamman, ƙetare kuma ga wanda can zai yi karatu.

Ɗan aji shida da bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba ya bukatar bas ɗin makaranta. Kafin ya cike fom, yayansa ko kawunsa ya ɗauke shi a motar haya zuwa jami'ar da yake son sa wa a zaɓin farko, su nemi ofishin sashen da yake so, su tambayi makin da aka tsaya a kai a bara da darussan da ake nema, su kuma tambayi wane kwas ne makusancinsa da ake karɓar mai ƙaramin maki. Idan sakamako ya fito bai kai ba, JAMB tana buɗe damar sauya kwas ko makaranta, kuma wanda ya riga ya yi waɗannan tambayoyi zai san inda zai koma tun kafin wa'adin ya cika.